Ɗakin haɗa tallan da ya ƙi sa min waƙar da na je da ita

Sana'ata garin kunu da yaji da garin ɗanwake. Ina ƙulla su da sunan kamfanina da lambar NAFDAC, ina rarraba wa shaguna a cikin Kano da garuruwan kewaye. Duk mai irin wannan sana'a ya san cinikin shekara yana tsakanin Sha'aban da goman farko na azumi, shi ya sa bana na ce zan shiga rediyo da talla mai waƙa, ba irin sanarwar nan da mai gabatar da shiri yake karantawa a gurguje tsakanin gaisuwa da gaisuwa ba. Ɗakin da ya haɗa min tallan yana ɗaya daga cikin benayen Zoo Road. Ba zan kama sunansa ba, domin bakina ɗauke yake da yabo da ƙorafi, kuma ba na so a ce an biya ni ko an ɓata min. Wanda ya karanta zai san abin da zai tambaya a duk ɗakin da ya shiga.

Hukuncina tun daga farko: aikinsu yana da kyau, takardunsu sun fi aikin kyau, kuɗinsu ya kusa ninka na maƙwabtansu, kuma ba su san sauri ba.

Da waƙata na je. Wata waƙar biki ce da ta cika gari bara, babu gidan suna ko kamu da za ki shiga ba ki tarar da ita ba. So nake a ɗauki kiɗanta da amshinta, a zare baitocin, a sa sunan garin kununa a gurbinsu. Mai ɗakin matashi ne, bai wuce sa'an ƙanena ba. Ya saurara har ta ƙare, sannan ya ce, "Hajiya, yin sa ba wuya, kafin la'asar na gama. Amma sai da takardar masu ita." Na ce masa ai gidan rediyon da zan kai wa tallan safe da yamma suna sa waƙar nan, wa ya taɓa kama su?

Bayanin da ya yi min a nan shi ne abu na farko da na ga ya cancanci kuɗinsa, kuma bai caje ni a kansa ba. Gidan rediyo yana karɓar lasisin sa waƙoƙi a shirye-shiryensa daga ƙungiyar da ke tattara wa mawaƙa kuɗinsu, wato MCSN, wadda Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, NCC, ta amince da ita. Da can COSON ce ta yi suna a wannan aiki, kafin hukumar ta dakatar da lasisinta a 2018. To wannan lasisi na gidan rediyo ne, kuma iyakarsa a sa waƙa yadda take mutane su ji. Ni kuwa abin da nake nema daban ne. Zan yanko waƙar in dasa ta cikin wani sabon sauti, zan canja mata kalmomi, sannan zan jingina ta da hajata, har mai sauraro ya ɗauka mawaƙin ne yake yi min shaida. Kowanne daga cikin waɗannan sai an nemi izininsa, kuma nauyin neman yana kan mai talla, ba kan gidan rediyo ba.

Sai ya jawo takarda ya ja layi a tsakiya. Ya ce duk waƙar da kika ji a waya dukiya biyu ce a haɗe. Akwai waƙar kanta, baiti da kari, wannan ta wanda ya tsara ta ce. Akwai kuma sautin da aka naɗa a situdiyo, wannan yawanci na wanda ya shirya ɗaukar ya kashe mata kuɗi ne. Bayan su ga masu murya da masu kiɗa, su ma doka ta ba su nasu haƙƙin a kan abin da suka rera ko suka kaɗa. A Kano kuwa, in ji shi, ba kasafai waɗannan suke zama mutum ɗaya ba. Wani ya rubuta, wani ya rera, mai fiyano ya buga kiɗan, furodusan fim ya biya kuɗin situdiyo, kowa kuma a ransa waƙar tasa ce.

Na ce to a sake rera ta da wata murya mana, a bar sautinsu. Ya ce hakan ya fitar da ni daga hannun mai sautin, amma bai fitar da ni daga hannun mai baiti da kari ba, kuma canja kalmomin ma sai ya yarda, domin doka ta ba shi damar ya ƙi a jirkita aikinsa ta hanyar da za ta taɓa mutuncinsa. Na ce a ɗauki daƙiƙa goma kawai, na ji an ce abin da bai kai wani adadi ba halal ne. Ya yi dariya. Babu wani adadin daƙiƙa a cikin dokar. Abin da take dubawa shi ne ko an ɗauki wani muhimmin ɓangare na aikin, amshin da yaro ma zai gane daga jin farkonsa kuwa shi ne zuciyar waƙar. Sassaucin da dokar ta yi na masu nazari ne da masu sharhi da masu ba da labarai da makamantansu, mai sayar da yaji ba ta cikinsu.

Ban haƙura ba, na ce su je su nemo min izinin. Suna yin wannan hidima, da kuɗin zirga-zirga da ake biya tun farko, kuma sun faɗa min ƙarara cewa ko an dace ko ba a dace ba kuɗin ba ya dawowa. Mawaƙin ya amsa a waya da fara'a, har ya ce yana shan kununa, Allah ya sa gaskiya ne. Da aka bi diddigi, ashe sautin na wani furodusa ne da ya biya aka yi waƙar don fim ɗinsa, baitocin kuma wani yaro ne ya rubuta, kuma tsakanin su ukun babu ko guntun takarda. Furodusan ya yanka kuɗin da ya fi duk abin da na ware wa tallan har da kuɗin iska. Mawaƙin ya aiko cewa a bar furodusan, shi zai zo ya sake rerawa a ba shi nasa a hannu. Mai ɗakin ya ƙi. Ya ce in ba sa hannun mai baitin, ba zai kunna makirfo ba.

Raina ya ɓaci a ranar, kuɗin zirga-zirga sun tafi, kwanaki sun tafi. Amma sun ba ni rubutaccen bayani na wanda suka gani da abin da kowa ya ce, kuma da na natsu na karanta sai na ga ko da ina da kuɗin furodusan, rigimar mutum uku zan saya. Inda na ga laifinsu shi ne, su da suke cikin harkar sun san yadda waƙoƙin fim suke, da tun ranar farko sun ce min da wuya a dace, da ban ɓata makonnin da na fi buƙata ba.

Daga nan muka shiga lalube, kuma duk ƙofar da na taɓa yana da amsarta a baki. Na ce a ɗauko ta tsofaffin mawaƙa da suka riga mu gidan gaskiya. Ya ce a Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, haƙƙin waƙa yana nan har shekara 70 bayan shekarar da mai ita ya rasu. Ya ba ni misali da Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999: waƙoƙinsa suna hannun magada har ƙarshen 2069. Sautin da aka naɗa shi shekara 50 ne daga fitowarsa, don haka faifan da ya fito a 1970 yana iya zama nasa wa'adin ya cika, amma waƙar da ke cikinsa da sauranta. Wannan ne tarkon da ya ce masu talla suka fi faɗawa, su ga faifai ya tsufa yana ƙara su ɗauka ba shi da mai shi.

Na ce to waƙar tashe fa, tunda azumi ne, wannan ai ta kowa ce, da ita muka tashi. Nan ne na ji abin da ban taɓa ji ba. Dokar ta ware babi a kan kayan gargajiya, waƙoƙin jama'a da kiɗansu da tatsuniyoyi, ta ce in za a yi kasuwanci da su ko a fitar da su daga muhallinsu na al'ada, izinin yana hannun hukumar NCC. Ni dai har yanzu abin yana min banbarakwai, a ce waƙar da kakata ta koya min a tsakar gida sai na rubuta wa hukuma wasiƙa kafin in sa ta a talla. Amma na fahimci dalilin, in ba a yi haka ba wani kamfanin waje zai kwashe su ya yi kuɗi ba wanda zai ce masa kanzil. Mai ɗakin ya ce zai iya rubuta wasiƙar, sai dai ba zai yi min alƙawarin ranar amsa ba.

Kiɗan Indiya ban ma gama faɗa ba ya girgiza kai. Najeriya ta shiga yarjejeniyar Berne ta kare haƙƙin mallaka tsakanin ƙasashe tun 1993, waƙar Indiya tana da kariya a nan kamar yadda tamu take da ita a can. Cewa masu ita suna nesa ba za su ji ba, wannan zancen zamanin kaset ne. Yau tallan da aka sa a rediyo da safe, da yamma yana Facebook da YouTube, inda na'ura ce take gane kiɗa ta toshe sautin ko ta sauke bidiyon, ba sai mutum ya kai ƙara ba.

Ya nuna min wata hanya, kiɗan da ake saya a intanet wanda aka yi shi musamman don irin wannan aiki. Ya buɗe min shafin AudioJungle a kwamfutarsa. Abin da ya burge ni shi ne bai tsaya kan farashin da ke saman shafi ba, ya gangara ya nuna min matakan lasisin. Na ƙasa mai araha bai haɗa da watsawa a rediyo ko talabijin ba. Na watsawa kuma kashi-kashi ne, akwai na masu sauraro miliyan 1, akwai na miliyan 10. Gidan rediyon Kano da ake kamawa har Jigawa da wani yanki na Katsina, wa zai rantse masu jin sa ba su haura miliyan ɗaya ba? Ke nan babban za a saya, da dala. Ya kuma kunna min samfurin da ake saurare kyauta, wanda wata murya take ambaton sunan shafin a kai a kai a cikin kiɗan don kada a sace. Wallahi na sha jin wannan muryar a ƙarƙashin wasu tallace-tallace, ban san ko mene ne ba sai ranar. Ko ba batun dala, kiɗan bai yi kama da kunun tsamiya ba ko kaɗan.

Aka dawo kan abin da ya ba ni shawara tun ranar farko, a yi min tawa sabuwa.

Nan ne suka nuna gwanintarsu. Mai rubuta musu baiti bai fara da alƙalami ba, tambayoyi ya yi ta jero min: da me nake haɗa garin, wa yake saye, uwar gida ce ko mai shago, me masu saye suke cewa in sun dawo. Ya sa aka dama masa ya sha. Na faɗa masa mata suna cewa ba ya gudaji, kuma ba sai an tace ba, to a kan wannan ya gina amshin, gajere, mai sunan kamfanin sau biyu. A rubutun farko ya sa baiti wai kunun yana ƙara jini yana gyara ciki. Mai ɗakin da kansa ya soke shi, ya ce kayan abinci ba a tallata su sai da amincewar NAFDAC, kuma da'awar magani ita ce abu na farko da za ta jawo a ƙi tallan. Yaron ya ɗan ɓata fuska don baitin ya zauna, amma ya canja.

Ranar ɗauka na je na zauna. Kiɗan fiyano ne a ƙasa, amma sun kira mai kalangu na gaske, dattijo, wanda ya shigo da kalangunsa a rataye ya ce a sake kunna masa sau ɗaya, daga nan bai ƙara tambayar komai ba. Bambancin kalangun hannu da na cikin na'ura ko ni da ba sana'ata ba na ji shi, na hannu yana bin maganar mai waƙa yana amsa mata. Mai rerawar yarinya ce mai murya a buɗe, tana fitar da kowane harafi, ga 'yan amshi biyu. Ni da wata 'yar Damagaram na so, wadda na taɓa jin muryarta a wani biki, amma ya tuna min cewa hukumar kula da tallace-tallace, ARCON, ta hana amfani da muryar wanda ba ɗan Najeriya ba a tallan da za a watsa a ƙasar tun 1 ga Oktoba 2022. An yi dokar da Turawa a rai, ta zo ta faɗa kan maƙwabta.

Da ya gama haɗa sautin bai bar ni da manyan lasifikan situdiyo ba, inda komai yake daɗi. Ya tura shi cikin wata tsohuwar rediyo mai batir da ƙaramar waya, ya ce a nan masu sayen kayanki za su ji. A nan muka gane kalangun yana danne lambar waya, ya rage shi. Sun ba ni kala uku: mai daƙiƙa 60, mai daƙiƙa 30, da wanda babu kiɗa sam sai murya da amshi, saboda lokutan da ke kusa da tafsiri da shan ruwa, inda ba kowane shiri ne yake karɓar kiɗa ba. Wannan na ukun ban roƙa ba, su suka kawo shawarar, kuma shi ya fi yi min aiki a cikin azumin.

Wurin kansa dai sai haƙuri. Matattakalar benen a tsaye take, ɗakin jira ƙarami, samari cike suna jiran layi, babu inda mace za ta keɓe ta yi salla sai da aka buɗe min wani ofis. In wuta ta ɗauke sai a jira a tayar da janareto, in an tayar kuma sai a rufe ko'ina don kada ƙararsa ta shiga makirfo, zafi ya taso. Alƙawarin mako guda kuwa sai da ya kusa cinye wata.

Yanzu takardar, wadda ita ce dalilin wannan rubutu. Ni a zatona in na biya an yi min waƙa, tawa ce. Dokar ba haka ta ce ba. Haƙƙin yana fara zama ne a hannun wanda ya ƙirƙiri aikin, sai in yarjejeniya ta ce ya koma wani hannu, kuma sayar da haƙƙi ko ba da izinin da ya keɓanta ga mutum ɗaya ba ya tabbata sai a rubuce. Izini na gama-gari yana yiwuwa da baki, amma kamar yadda mai ɗakin ya ce, "Hajiya, ranar da aka saɓa, wa zai tuna abin da aka faɗa?" Ba sai an yi wa waƙa rajista take samun kariya ba, tana samu daga ranar da aka rubuta ta ko aka naɗe ta, don haka rashin ganin tambarin hukuma a jikin abu ba ya nufin ba shi da mai shi.

Farashi biyu suke da shi, kamar gidan haya da gidan saye. A na haya, waƙar tana nan tasu, ni ina amfani da ita shekara guda a rediyo a cikin Najeriya, in wa'adi ya cika a sabunta. A na saye, baiti da kari da sautin duk sun dawo sunan kamfanina. Na sayen ya ninka na hayar har da ɗori. Na zaɓi saye, don ina so waƙar ta zama ita ce shaidar kayana shekara da shekaru. Kowa ya sa hannu a gabana: mai baiti, mai fiyano, mai rerawa, 'yan amshi, har dattijon mai kalangu ya dangwala yatsa bayan an karanta masa. Akwai kuma sakin layin da na fi so, inda suka ɗauki alhakin cewa karin nasu ne ba kwaikwayo ba, in wani ya fito ya ce nasa ne su za su tsaya, su biya abin da ya biyo baya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin shari'ar haƙƙin mallaka ba a gaban alƙalin unguwa ake yin ta ba, Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai take da hurumi, kuma kowa ya san abin da lauya yake ci kafin a kai can.

Da na ba maigidana labari da daddare, ya ce ai ba dokar Bature ce kawai ba, majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a 1988 ta yanke cewa haƙƙin wallafa da ƙirƙira dukiya ce da shari'a ta kare, ba ya halatta a taɓa ta. Ya ƙara da cewa bashi ma an ce a rubuta.

Sai dai takardar tasu ba ta zo a cike ba, kuma da Turanci zalla take. Da baki suka fassara min, wanda a ganina bai dace da ɗakin da kusan duk masu shigarsa Hausawa ne ba. Na kai wa ɗan yayata da yake aikin lauya, ya duba ya ce, "Anti, akwai ramuka uku." Na farko, an rubuta rediyo kawai a ɓangaren muryoyi, alhali yawancin gidajen rediyon yanzu suna watsa shirinsu kai tsaye a intanet, ni ma kuma ina so in sa a WhatsApp da Facebook da TikTok. Na biyu, an taƙaita shi ga Najeriya, ni kuwa ina da masu sarin da suke kai kayana Maraɗi da Damagaram, wata rana zan so in sa tallan a gidan rediyon can, inda hukumar BNDA take kula da haƙƙin mawaƙa. Na uku shi ne babba: ko da na sayi waƙar, muryar mai rerawar shekara ɗaya kawai aka ba ni, an cusa wannan a ƙasan shafi na biyu, kuma ba wanda ya ja hankalina kansa lokacin fassarar.

Da na koma da gyaran ba su yi gardama ba. Intanet suka ƙara kyauta, suka ce nasu ne kuskuren. Nijar suka ƙara da ɗan kuɗi. Muryar kuwa suka ce ba tasu ba ce balle su sayar, yarinyar ce ta gindaya sharaɗin, kuma ta ƙi sayarwa har abada sai dai shekara biyu. Na ga gaskiyarta, muryarta ce jarinta. Abin da bai zo a ran kowa ba, har ɗan yayar tawa, shi ne a hana ta yi wa mai irin sana'ata talla a cikin wa'adin. Azumi bai raba ba na ji ta tana rera wa wani yajin daban, a gidan rediyon da nake, kusan a lokacin da nake. Ba ta karya wata yarjejeniya ba, su ma haka. Amma ɗakin da yake taƙama da sanin takarda ya kamata a ce shi ya fara kawo wannan zancen, ya faɗi kuɗinsa, in ga ko zan iya.

Ƙorafina na ƙarshe a kan kuɗin da ba a faɗa ba ne. ARCON, wadda ta gaji APCON a 2022, tana da kwamitin da yake tantance talla kafin a watsa shi, ga kuma amincewar NAFDAC tunda abinci ne. Ɗakin ba ya yin ko ɗaya, sai dai ya haɗa ki da wani mai rajistar aikin talla ya shigar miki. Wannan ba laifi ba ne. Laifin shi ne sai da aka gama waƙa, na riga na yi lissafina na rufe, sannan aka ce min saura kaza da kaza. Da an rubuta su a takardar farashi tun farko, ko da a ce ba su za su karɓa ba, da na san inda na dosa.

Gidajen rediyo biyu na kai wa. A na farko jami'in sashen talla ya tambayi takardar kiɗan kafin ya karɓi filashin, na miƙa masa, ya yi hoto ya ajiye a fayil, ya ce da kowa zai zo da irin wannan da sun huta. A na biyu ba wanda ya tambaye ni komai sai rasit ɗin banki. Tun da Freedom ta buɗe a 2003 gidajen rediyo masu zaman kansu suke ta ƙaruwa a Kano, kowa yana neman talla, ba kowa ne zai mayar da mai kuɗi a hannu saboda takarda ba. Rashin tambayarsu kuwa ba ya sauke komai daga kan mai tallan.

Ko tallan ya yi aiki? Masu shaguna daga Wudil da Bichi da ban taɓa hulɗa da su ba sun kira, kuma na ji yara a layinmu suna rera amshin ba su san tawa ce ba. Na sa shi a Facebook da TikTok, babu wanda aka toshe.

Wanda yake da sanarwar kwana uku, ta buɗe shago ko ragin farashi, kada ya wahalar da kansa da wannan ɗaki, ya ba mai gabatarwa ya karanta masa ba kiɗa, ya fi sauƙi kuma ba ruwansa da haƙƙin kowa. Wanda yake son waƙar da za ta daɗe tana bin sunan kayansa, nan ne wurin, da sharaɗin ya je wata biyu kafin lokacin da yake buƙata, ya nemi duk kuɗaɗen a rubuce har na hukumomi, kuma ya kai takardar wani ya karanta masa kafin ya sa hannu. Ni zan koma, don akwai tallan yaji da nake so kafin babbar salla. Amma sai sun fara ba ni kiɗan zalla ba murya, wanda yake cikin abin da na saya. Ba tare da shi ba, ko lambar waya zan canja sai na sake hawa benen nan na biya. Na aika an karɓo, an ce mai kwamfutar ya tafi Kaduna.